Tabarmar da Baba Ya Shimfiɗa wa Kakan Japan

Mama ce ta fara yin salati da na faɗa musu. Ta dafe ƙirji ta ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, sannan ta tsaya tana kallona kamar mai son in gaya mata ko ta yi daidai. Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Can sai ya ce in shiga sito in fito da tabarmi.

Wanda ya rasu wani tsoho ne a ƙasar Japan, shehin malami a fannin kemistiri, wanda Baba ya yi karatu a hannunsa tun ba a haife ni ba. Mu yaran gidan Kakan Japan muke ce masa, don ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ba. Malamina kawai yake cewa, yadda ba ya kiran sunan mahaifinsa. Wani tsohon abokin karatunsu ne ya bugo mini da safe, saboda wayar Baba kullum tana aljihun rigar da ya cire jiya. Ni kuwa na baro shagon magani na hau keke napep zuwa gidanmu a unguwar Daɗin Kowa ta Jos, ina ta shirya kalmomin da zan faɗa, na iso na faɗi labarin tsirara a bakin ƙofa.

Na ɗauka tabarma ɗaya yake so ya kishingiɗa. Ashe duka yake nufi, har da manyan nan da ba a fitarwa sai suna ko rasuwa. Da kansa ya shimfiɗa su a ƙofar gida, ya jingina da katanga yana fuskantar titi, ya ajiye buta a gefe. A unguwarmu kowa ya san ma'anar wannan zama. Telan da ke kallon gidanmu ya bar keke yana juyi ya tsallako da gudu, yana zaton Mama ce, sai ya hange ta ta ƙofa tana tsintar shinkafa, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Mata suka fara shigowa da kuka tun daga zaure. In sun tambayi wa aka rasa, Mama ta ce malamin maigidan ne na Japan, sai ka ji kukan ya tsaya a tsakiya. Wata ta share ido ta tambaya ko mutanen nan ne masu ƙera babur. Gwaggo ta bugo daga Bukuru ta ce in gaya mata gaskiya, yanzu duk tsohon da ya mutu a duniya sai mun ɗora tukunya?

Maƙwabcinmu Baba Fasto, wanda ya yi ritaya daga wata coci a Kabong ya dawo kusa da mu, shi ne bai tsaya tambaya ba. Ya zo da sandarsa ya zauna da ƙyar saboda gwiwa.

"Oga Malam, sorry fa. Ya haƙuri? Ni ban san mutumin ba, amma na ga fuskanka."

Liman ma ya zo bayan azahar. Na lura da yadda ya auna maganarsa. Ya yi wa Baba addu'ar haƙuri da ladan rashi, ya tsaya nan, bai ƙara ba. Da wasu samari suka fara ƙus-ƙus a gefe, ya juya ya ce musu ba laifi ba ne a rarrashi mai rai, suka yi shiru. Baba ya yi masa godiya, amma idonsa na kan titi. Duk motar da ta rage gudu sai ya ɗaga kai.

Na san wa yake jira, kowa a gidan ya sani. Baffa ne, yayan Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke zaune a tsohon gidanmu na cikin gari. Mahaifinsu ya rasu Baba yana Japan, bai ga gawa ba, bai zauna makoki ba, Baffa ne ya zauna shi kaɗai babu ɗan'uwa a gefensa. Tun daga nan wani abu ya tsaya a tsakaninsu. Suna gaisawa, suna haɗuwa a ɗaurin aure, amma ban taɓa ganin sun ci abinci a kwano ɗaya ba. Da Baba ya dawo gida, abin da Baffa ya fara gaya masa shi ne kada ya kuskura ya ambaci Japan a gabansa, Baba kuwa ƙane ne na da, ya kama bakinsa har gashinsa ya yi fari. Yanzu ga shi ya aika a gaya wa yayansa an yi masa rashi. Ɗan aiken ya dawo da amsa gajeriya, wai Baffa ya ce bai san yana da dangi a can ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Ina so in san wane ne wannan mutum da Baba, mai gudun magana kamar me, ya yarda ya zama abin zance a unguwa saboda shi. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ina ƙarama. Sauran abin da na sani tsince-tsince ne daga bakin Baba, wasu a kwanakin nan na makoki da nake kai shayi waje ina jan ƙafa don in ji ƙarshen labari.

Baba ya ce malamin nasa ɗan masu sana'ar waken soya ne a wani ƙaramin gari, suna jiƙa shi da gishiri a manyan randuna har ya zama baƙin ruwan miya. Daddawarsu ce ta ruwa, in ji Baba. Ya tashi bayan babban yaƙi, lokacin da yunwa ta yi musu katutu, kuma aikinsa yana yaro shi ne ya buɗe randa ya shinshina ya faɗa ko ta nuna. Wai abin da ya kai shi kemistiri bai wuce wannan ba: ya kasa haƙura da rashin sanin me ke faruwa a cikin randar in an rufe. Har ya tsufa hancinsa bai mutu ba. Yakan shigo ɗakin gwaje-gwaje ya tsaya a ƙofa ya ja iska, ya nuna ɗalibi ɗaya ya ce abinka ya ƙone, kafin shi mai abin ya sani.

Na taɓa tambayar Baba mene ne ainihin aikin da aka ba shi lambar yabo a kai, domin abin da muka karanta a makarantar harhaɗa magunguna ya daɗe da tsiyayewa daga kaina. Ya ce in ɗauka akwai sinadarai biyu da ake so su haɗu su zama magani, amma ko an zuba su a kwalba ɗaya an dama, kowanne sai ya juya wa ɗan'uwansa baya. Malaminsa ya ƙare rayuwarsa yana neman mai dalilin aure a tsakaninsu, wani ɗan ƙarfe kaɗan da zai kamo hannun wannan ya kamo na wancan ya haɗa, shi kuma ya fita salin alin ya tafi haɗa wasu. A cikin ƙarafan da yake aiki da su akwai kuza. Da na ji haka sai na gyara zama, domin kakanmu hedman ne, shugaban leburori, a filin haƙar kuza, kuza ce ta kawo gidanmu Jos tun farko.

Ita ce ma ta haɗa su. Da gwamnati ta tura Baba ƙaro karatu, ranar da ya fara tsayawa gaban malamin, tsohon bai tambaye shi sakamakon jarrabawa ba. Ya dubi takardarsa ya ga sunan garinmu, ya ɗago ya ce garin kuza? Daga nan tambayoyi suka ɓarke. Wace kala ce in an tono ta, yaya ake wanke ta, da me ake raba ta da yashi, nauyinta a hannu yaya yake. Baba ya ce ya yi ta ba shi labarin mata masu wankin kuza da ƙwarya a bakin rafi, yana jin kunya don yana ganin abin talauci ne, mutumin nan kuwa ya tallafe haɓa yana saurare. Malamin ya yi shekara da shekaru yana aiki da ita a kwalba, bai taɓa haɗuwa da wanda ya taka ta da ƙafa ba.

Kada a ɗauka mutum ne mai sauƙi. Baba ya ce bai iya yabo ba ko kaɗan. In gwajinka ya lalace zai ce a sake. In ya yi kyau ma zai ce a sake, kuma a ba wani ya yi da nasa hannun, don a cewarsa abin da hannu ɗaya kawai ya iya bai zama ilimi ba tukuna. Shi yake wanke kwalabensa da kansa, ba ya yarda ɗalibi ya taɓa masa. Kuma ba a rufe ɗakin gwajinsa, ko a hutun sabuwar shekara da duk ƙasar ke kulle shaguna a koma gida. Ɗalibai suna tsoronsa, suna kwaikwayon tafiyarsa in ya ba da baya, kuma babu mai son barinsa ya koma wajen wani malami. Ni da na tashi a hannun Baba na san daga inda ya kwaso "a sake". Ko shara ka yi masa sai ka ji ta.

Sun taɓa yin faɗa, kuma labarin nan ne ya fi ba Baba Fasto dariya a kan tabarma, har ya manta a gidan makoki yake. Baba na sabon zuwa, lokacin salla ya yi, ya duba bai ga inda zai yi alwala ba sai kwamin da ake wanke kwalabe. Ya naɗe hannun riga, ya yi ta yi har ya kai ga ɗaga ƙafa cikin kwamin, sai ga malam. Baba ya ce bai taɓa jin ƙaramin mutum da babbar murya irin ta ranar ba. Ya yi ta faɗa da yarensu yana nuna ƙafar, ya fizge shi daga wurin. Baba ya ɗauka addininsa aka wulaƙanta. Ya sa takalmi a jiƙe ya fita, ya daina zuwa, har ya fara tambayar yadda ake komawa gida. Shi kuma tsohon yana can yana fushi da ɗalibin da ba shi da hankali, domin a kwamin nan ake ɗauraye sinadaran kuza, masu guba ne, ta fata ma suna shiga jiki. Kowannensu ya sha toka, kowanne yana jiran a ba shi haƙuri. Wani ɗalibi ne ya gaji ya yi musu tafinta. Babu wanda ya ba wani haƙuri, in ji Baba, amma da ya koma ya tarar an kafa ɗan gajeren famfo a bayan ginin, da kujerar katako 'yar tsugune a gabansa. Malamin bai taɓa ambatar famfon ba, Baba ma bai taɓa cewa ya gani ba.

Zuwansa Jos kuwa da idona na gani. Wani taro ya kawo shi ƙasar nan, ya ce ba zai koma ba sai ya ga garin kuza. Ina tuna ɗan tsamurmurin mutum mai farin gashi da yake ta sunkuyawa, ya sunkuya wa Baba, ya sunkuya wa Mama, ya sunkuya wa direba, har ni ya sunkuya mini na ruga bayan labule. A ƙofar falo ya tuɓe takalmi ya juya su suna kallon waje, Mama ta ce wannan dai an ba shi tarbiyya.

Sai aka zo cin abinci, inda tarbiyyar tasa ta kusa kashe shi. Mama ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta cika kwano. A wurinmu baƙo in ya ƙoshi yakan rage, ragowar nan ita ke gaya wa uwargida an gode. A wurinsu kuwa, ashe, barin ko ƙwayar shinkafa cin fuska ne ga wanda ya dafa. Tsoho ya daure ya share kwano tas. Aka mayar da kwanon ciki, Mama ta gani ta ce wayyo, bawan Allah yunwa yake ji, ta ƙaro malmala biyu. Ya dubi kwanon, ya dubi Baba, ya sunkuya, ya sake kamawa. Baba ya san al'adun biyu sarai, amma kunyar malaminsa ta hana shi cewa ya bari, tsoron Mama kuma ya hana shi cewa ta daina. Sai da gumi ya jiƙe wa baƙo riga, ya kwance bel a ɓoye, sannan Baba ya miƙa hannu ya janye kwanon ya ce na yara ne. Har yau in Mama ta tuna sai ta ce ita dai ba ta taɓa ganin siririn mutum mai ci irinsa ba, kuma babu wanda ya isa ya gyara mata labarin.

Washegari Mama ta tarar da baƙon tsugune a kicin, wurin da ko Baba ba ya shiga. Ya ga tana jefa 'yar kanwa a ruwan zoɓo don ta kashe tsami, ya ga jan ya juye ya yi duhu, shi ke nan ya maƙale. Ya roƙi a ba shi kofuna, ya jera su a ƙasa, wannan ya ɗiga lemun tsami, wancan ya ƙara kanwa, yana ɗagawa ga hasken taga yana dariya shi kaɗai. Ya sa Baba ya tambayi Mama wa ya koya mata. Ta ce uwarta. Ya ce wa ya koya wa uwarta? Mama ta ce a gaya masa ya tashi ya ba ta wuri za ta hura wuta. Ya shinshina daddawa ya lumshe ido, Baba ya ce a ranar ne kaɗai ya ga alamar kewar gida a fuskarsa.

Da aka kai shi Rayfield ya ga tafkunan da haƙar kuza ta bari, dariyar ta ɗauke. Ruwa ne kore shar, kwance lumui, ga tuddan jar ƙasa a gefe da ciyawa ta ƙi kamawa. Ya tambayi zurfinsu. Baba ya gaya masa babu wanda ya sani, kuma sun ci yara da shanu ba kaɗan ba, ya gaya masa kakanmu da tarin ƙurar rami ya ƙare rayuwarsa. Tsohon ya daɗe tsaye. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza a yatsu, ya naɗe kaɗan a hankici ya sa a aljihu. Baba ya yi imani wannan tsayuwar ce ta sa a ƙarshen aikinsa ya koma neman hanyar da za a haɗa sinadaran nan ba tare da kuza ba. Ni ban sani ba. Na karanta cewa masana da yawa sun guje ta saboda gubarta, ko sun ga Rayfield ko ba su gani ba. Amma ban yi wa Baba musu ba, kuma a raina ina so a ce shi ne da gaskiya.

Abu ɗaya ne bai samu ba a zuwan nan. Ya nace a kai shi ya gaida yayan Baba. Aka aika, sai Baffa ya tashi da wata tafiya Bauchi da babu wanda ya san da ita, bai dawo ba sai da baƙo ya hau jirgi.

Lambar yabon ta zo daga baya, babba ce a ƙasarsu, har aka nuna shi sanye da baƙar kwat yana sunkuya wa manya. Baba ya sa aka yanka kaji a gidanmu, muka ci ba mu san me aka ci ba. Abokin karatun nan nasa ya ba shi labarin cewa washegarin bikin ɗalibai sun zo da furanni, suka tarar da malamin ya riga kowa, ya naɗe hannun riga yana wankin kwalba, ya tambaye su ko lambar ta ce a daina aiki ne. Baba shi bai zama mai bincike ba. Ya dawo ya tarar babu sinadarai, babu wuta, ya ƙare a aji da alli yana koyar da yaran sakandare har ya yi ritaya. Na taɓa tambayarsa ko malaminsa ya ji haushin haka. Ya ce abin da kawai tsohon yake tambaya duk sanda suka yi waya shi ne ko yaran suna yin tambaya.

Duk wannan na ji, na kuma ji daɗinsa, amma bai kai ni inda nake so ba. Malamin kirki ne, na yarda. Sai dai mutane da yawa sun yi malaman kirki ba su shimfiɗa musu tabarma ba. Ina ta juya abin a raina har yammacin ranar ƙarshe ta zaman, da na fito kwashe kofuna bayan la'asar na ga mota ta tsaya, Baffa ya fito.

Baba ya yunƙura zai tashi, Baffa ya ɗaga masa hannu. Bai tuɓe takalmi ba. Ya tsaya a bakin tabarma da babbar rigarsa, ya gaida Liman, ya gaida Baba Fasto, sannan ya ce shi ba ta'aziyya ta kawo shi ba. Ya zo ne ya ce a naɗe tabarmin nan, maganar ta kai har masallacin cikin gari, ana tambayarsa yana rasa amsa. Muryarsa a ƙasa take.

"Uban da ya haife ka ya mutu ba ka zauna ba. Ni kaɗai na zauna, ana tambayata ina ƙanenka. Yau ka zauna wa baƙo."

Na tsaya da tire a hannu na kasa gaba na kasa baya. Na saba ganin Baba ya sunkuyar da kai in Baffa na faɗa. Ranar bai sunkuyar ba.

"Yaya, na zauna."

Baffa ya ce a ina? Baba ya ce in ya ba shi izinin ambatar ƙasar da ya hana shi ambata, zai faɗa. Baffa bai ce e ba, bai ce a'a ba, Baba ya ɗauki shirun a matsayin izini.

Ya ce wayar tangaraho ta same shi an riga an yi kwanaki da binnewa. Ya karanta, ya sa a aljihu, ya koma kan aikinsa, don bai san abin da mutum ke yi da irin wannan labari a ƙasar da babu mai jin yarensa ba. Malam ya zo wucewa ya gan shi riƙe da kwalba hankalinsa ba ya wurin, ya karɓe ta ya ajiye, ya tambaye shi. Da ya ji, bai ce komai na rarrashi ba. Tambaya ya yi, yadda ya saba: in uba ya mutu a garinku, me kuke yi? Baba ya gaya masa ana shimfiɗa tabarma, 'ya'yan mamaci su zauna su fuskanci ƙofa, mutane su yi ta zuwa suna cewa ya haƙuri, a dafa abinci a bayar sadaka. Malam ya sa Baba ya maimaita kalmomin har ya rubuta su a tafin hannunsa.

Da safe Baba ya zo ya tarar an kashe duk wutar gwaji, a ɗakin da ko sabuwar shekara ba ta rufewa. An ture tebura, an shimfiɗa tabarminsu na ciyawa a ƙasa. Wani aiki da suka yi watanni suna reno ya mutu a kwalba saboda kashe wutar, malam ko kallonsa bai yi ba. Yana zaune da baƙar kwat, ya nuna wa Baba wuri. Ɗalibai suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, su durƙusa, su faɗi ya haƙuri da karkataccen harshe, wasu suna leƙen tafin hannunsu. Matar malam ta dafo shinkafa aka raba wa masu shara da masu gadi, suna karɓa ba su san dalili ba. Haka aka yi har kwanakin suka cika.

Baba ya ce a ranar farko malam ya tambaye shi, a gida wa ke zama kusa da kai? Ya ce yayana. Sai tsohon ya tashi daga inda yake, ya zagayo ya zauna a damarsa.

"Ya ce mini, to ni zan riƙe masa wurinsa. In ka koma ka gaya masa ba a bar ƙanensa shi kaɗai ba. Saƙon ke nan, Yaya. Na dawo da shi ka ce kada in faɗa. Ya zo da kansa ya faɗa maka, ka tafi Bauchi."

Baba Fasto ya sunkuyar da kai yana murza kan sandarsa. Ni dai hawaye nake, na rasa hannun sharewa saboda tire. Raina kuma ya ɓaci da su biyun, tsofaffi biyu da suka bar magana ɗaya ta kwana a baki tun kafin a haife ni, ɗaya don taurin kai, ɗaya don biyayya.

Baffa ya daɗe yana kallon titi. Na zaci mota zai koma. Sai na ga ya dafa katanga, ya zare takalmi ɗaya, ya zare ɗayan. Liman ya matsa ya ba shi wuri a cikin masu gaisuwa, amma bai zauna nan ba. Ya taka tabarma ya zagaya, ya tattare rigarsa, ya zauna a damar Baba, bayansa a katanga, fuskarsa ga titi. Bai dubi ƙanensa ba. Kafaɗarsu dai tana taɓa juna.

Ana haka wani mai sayar da doya da ya saba kawo wa Mama kaya ya biyo ta layin, ya ga tabarmi, ya jingine baro ya zo ya durƙusa. Ya ce ashe rashi aka yi, bai ji ba, ya haƙuri? Inda babba yake, ƙane ba ya amsawa, don haka Baba ya yi shiru. Baffa ya gyara murya ya ce haƙuri da godiya. Mutumin ya tambaya wa ya rasu.

"Yayanmu ne," in ji Baffa. "A nesa yake da zama."